Na iya tafiya kafin na iya tsayuwa

Sau biyu na faɗi a rayuwata faɗuwar da ba zan manta ba. Ta farko daga kan tsani ce, ita ta karya mini baya. Ta biyu a banɗakin gidana ce, daga tsaye, kuma in gaya muku gaskiya ita ta fi karya mini zuciya.

Wata goma sha ɗaya ke nan da hatsarin a lokacin, kowa a gida ya riga ya sa a ransa cewa na miƙe. Na jingine sandunana biyu a bango, na tsaya zan wanke fuska, na goga sabulu, na rufe ido kamar yadda kowa yake yi. Iyakar laifina ke nan. Ban ji jiri ba, ban taka santsi ba, sai dai na tsinci kaina a ƙasa, kafaɗa ta daki bango, sabulu yana cin idona, maiɗakina tana dukan ƙofa tana cewa, "Baban yara, lafiya? Ka yi magana mana!" Na kasa amsa mata, don ni kaina ban san abin da zan ce ya kayar da ni ba.

Bari in koma baya kaɗan. Sana'ata aikin wutar lantarki ce. Shekara 16 na yi ina hawa tsani, har ta kai ina tsayawa a matakin ƙarshe, filaya a hannu ɗaya, waya a ɗayan, testa a baki, ina ba yaron da ke ƙasa umarni da kai. Ranar da abin ya faru ma ba wuta ce ta ja ni ba, ƙafar tsanin ce ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti. Tsayin bai wuce mita 4 ba. Na faɗo da mazaunai, na ji wani abu ya yi ƙas a bayana, daga nan sai na ji kamar an raba ni biyu daga ƙasan cibiya an tafi da rabin. Waɗanda suka kawo mini ɗauki da kyakkyawar niyya suka zo, Allah ya saka musu, amma ɗaukar da suka yi mini har yau tana yi mini ciwo a rai: biyu a hannuwa, biyu a ƙafafu, bayana yana lilo a tsakiya, suka naɗe ni a kujerar bayan mota. Shi ya sa duk inda na zauna ba na gajiya da faɗa, wanda ya faɗo daga sama ko ya yi hatsari yana cewa ba ya jin ƙafarsa, kada a zaunar da shi, kada a lanƙwasa shi. A bar shi a miƙe, kai da wuya da baya a layi ɗaya, in kuma ɗaukar ta zama dole to a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne.

Hoton MRI ya nuna ɗaya daga ƙasusuwan baya, wanda likitoci suke kira T11, ya farfashe, wani ɓallinsa ya danne laka. Likitan da zai yi mini tiyata da ya ji sana'ata sai ya yi mini bayani da yarena. Ya ce ƙashin baya jerin ƙasusuwa 33 ne, ramin da ke tsakiyarsu bututu ne, laka kuma ita ce babbar wayar da ke cikin bututun, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, tsawonta kimanin santimita 45, ɗauke da ƙananan wayoyi bila adadin. Wasu suna kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa, wasu suna kawo labari daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Na ce masa, "To Likita, ai sai a haɗa a naɗe da tef." Ya yi murmushi ya ce a nan misalin ya ƙare. Shi bututun zai gyara: ya cire abin da ya danne, ya ɗaure ƙasusuwan da ƙarafa da kusoshi. Wayar kuwa babu likitan da yake da hannun haɗa ta. Abin da ya tsinke ya tsinke, abin da ya rage shi za a yi aiki da shi.

Gwajin da ya nuna abin da ya rage shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk zamana na asibiti. Aka zo da allura da auduga, aka rufe mini ido, ana taɓa wurare 28 a kowane ɓangaren jiki ana tambayata, ka ji? Tsini ne ko dakushi? Aka gwada tsokoki goma a kowane gefe, ana ba kowace maki daga 0 zuwa 5. Ƙafafuna duka sifili suka ci. Daga ƙarshe likita ya sa safar hannu ya ce zai gwada dubura. Na kau da kai ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Malam, ka ji wani abu?" Na ce na ji, can nesa, kamar ana taɓa ni ta bayan katifa. Sai na ga ya ɗago ya dubi abokin aikinsa. Daga baya na gane cewa jijiyoyin wurin daga can ƙarshen laka suke fitowa, don haka in saƙo ya iya tasowa daga nan ya ratsa ta wurin raunin ya kai ƙwaƙwalwa, layin bai yanke gaba ɗaya ba ke nan. Ma'aunin da suke amfani da shi, na ƙungiyar masana raunin laka ta Amurka da ake kira ASIA, daga A yake zuwa E. A shi ne wanda babu ji babu motsi a can ƙasan, E shi ne lafiyayye. Ni B aka rubuta mini: akwai ji, babu motsi. A wasu wurare na ƙafar hagu kuma ina bambance tsini da dakushi, abin da suka ce alama ce mai kyau. Duk da haka ba wanda ya yi mini alkawarin tafiya. A lokacin na ji haushinsu, yanzu kuwa ina ganin girmansu a kan hakan.

Makonnin farko ba abin da zan tsaya faɗa mai daɗi. Ƙafafu sun zama tsumma, inda aka ajiye su nan za a tarar da su. Robar fitsari, allurar hana jini daskarewa a fatar ciki, da juyi duk bayan awa biyu dare da rana, mutum uku suna mirgina ni kamar gungume don kada baya ya murɗe, don kuma kada gyambon kwanciya ya kama ni. Na riƙa yi wa nas-nas ɗin dare ƙorafi cewa ba sa barina in yi barci, har wata babba a cikinsu ta ce, "Ɗana, kafin a san wannan juyin, masu irin ciwonka ba sa daɗewa a duniya, kuma ba karayar ce take kashe su ba, gyambo ne da ciwon mafitsara." Da na samu ikon riƙe waya na bincika na ga gaskiyarta. Wani likita Bajamushe, Ludwig Guttmann, da ya gudu daga mulkin Nazi ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, shi ya kafe a kan wannan juyin, ya kuma tilasta wa majinyata motsa jiki da wasanni. Gasar da ya fara shirya musu a 1948 ce ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya. Tun daga ranar na daina yi wa masu juya ni tsaki.

Wata safiya a mako na uku ƙafata ta dama ta yi tsalle ita kaɗai har ta ture bargo. Inna tana zaune a gefen gado, ta miƙe tana hamdala tana hawaye, ta aika ƙanena ya kira kowa a waya. Da likitar gashi mai koya wa jiki motsi ta shigo, wadda nake kira Malama, ita ce kuma ta riƙe ni tun daga nan har yau, ta saurari murnarmu ba ta katse mu ba, sannan ta matso ta ce a hankali, "Malam, kai ka motsa ta, ko ita ta motsa kanta?" Na yi shiru. Ta ce wannan zabura ce ta laka, ɓangaren da ke ƙasan raunin ya farfaɗo daga suman da ya yi, yana aiki ba tare da jiran izinin ƙwaƙwalwa ba. Za ta ƙaru ma, ƙafa za ta riƙa sanƙarewa tana karkarwa. Ta ce wanda muke jira shi ne motsin da zan ce yi, ya yi, in ce bari, ya bari. Inna ba ta sake gaishe ta da sakin fuska ba sai bayan kwana biyu.

Shi wannan motsin a mako na shida ya zo, kuma bai yi wata hayaniya ba. Babban yatsan ƙafar hagu ne. Kullum da dare sai in sa ƙanena ya yaye bargo ya haska fitilar waya, in zuba wa yatsan ido in yi ta ba shi umarni har kaina ya yi zafi. Ran nan ya ce, "Yaya, sake yi." Na sake. Ya ce, "To bari." Na bari. Ya ce, "Sake." Motsin bai kai kaurin farce ba, amma nawa ne. Ba mu gaya wa Inna ba sai da Malama ta gani da idonta ta rubuta maki 1 a takarda.

Mutane suna zaton daga nan sai a kama sanda. Ina! Kafin tafiya akwai zama, kafin zama akwai ɗaga kai daga filo ba tare da ka suma ba. Aka ɗaure ni a wani gado da ake miƙar da shi kaɗan-kaɗan. Ranar farko bai kai rabin miƙewa ba na ga duhu, kunnuwana suka toshe, saboda jijiyoyin jinin ƙafafu sun daina matsewa, jini ya zubo ƙasa ya bar kai. Aka sa mini safa mai matsi da ɗamara a ciki, kullum ana ƙara miƙewar kaɗan. Sannan zama a bakin gado ba jingina. Ni da nake tsayuwa a ƙololuwar tsani, ga ni zaune ina tangal-tangal, Malama tana jefo mini ƙwallo ina tsoron sakin katifa in cafe.

A nan ne zan kawo maganar maƙwabcin gadona, don in ban kawo ta ba labarin nan ya zama na ƙarya. Saurayi ne, ya girme ni a ciwon da wata huɗu, ni kuma na girme shi a shekaru, yana ce mini Babban Yaya. Nasa raunin a saman ƙirji yake, kuma A ne. Shi ya koya mini yadda ake zamewa daga gado zuwa keken guragu a kan allo, shi yake tuna mini in ɗaga mazaunai daga kujera duk bayan minti 15 zuwa 30, shi ya cire mini tsoron sa wa kaina robar fitsari duk bayan awa huɗu zuwa shida. Ko a ɗakin gashi ya fi ni himma nesa ba kusa ba. In na yi goma na ce na gaji, shi sai ya yi talatin. Har yau ko yatsan ƙafa bai motsa masa ba. Don haka idan na ji masu zuwa dubiya suna cewa majinyaci, "Ka dage kawai, in ka sa kanka za ka tashi," sai in ji raina ya ɓaci. Dagewa tana da aikinta, na gani a jikina, amma a kan wayoyin da suka tsira take aiki. Wanda bai tashi ba, ba ragwanci ya yi ba. Kuma keken da nake kallo kamar kurkuku, shi a wurinsa ƙafa ne: yanzu haka yana tuƙa mota mai birki da totur a hannu, yana zuwa wuraren da ni mai sanda nake jin nisansu.

A wata na uku cinyoyina sun fara amsawa, aka mayar da ni C, wato akwai motsi amma ba ƙarfi. Aka kai ni tsakanin dogayen ƙarafan nan biyu da ake dafawa, aka ɗaure gwiwoyina don kada su lanƙwashe, aka ajiye babban madubi a gabana. Na tsaya. Hannuwana ne suka ɗauki kusan duk nauyin, amma na ga mutane daga sama, na ga saman kan Malama wanda wata uku ban gani ba, na tuna ashe ni dogo ne.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ya fi kowane gundura a duniya. Akwai injin tafiya mai bel da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa, da wata ɗamara da ake rataye mutum da ita daga sama don a rage masa nauyi. Mutum biyu suna durƙushe, kowanne riƙe da ƙafa ɗaya yana taka mini ita, na uku yana riƙe da ƙugu. Na ce wa Malama wannan ai wasan yara ne, su ne suke tafiyar ba ni ba. Sai ta ba ni labarin kyanwoyi. Ta ce tun 1911 wani masani, Graham Brown, ya nuna cewa laka da kanta tana iya fitar da salon taku, hagu, dama, hagu, dama. A 1987 kuma Barbeau da Rossignol a Kanada suka nuna kyanwar da aka yanke wa laka, in aka tallafe ta a kan bel ana horar da ita, ƙafafunta na baya suna komawa taku. Daga nan aka kawo dabarar kan mutane. Ta ce mutum ba kyanwa ba ne, mu sai da saƙo daga sama, amma laka tana koyo, kuma ragowar wayoyin suna ƙara ƙarfi in ana yawan bi ta kansu. Na ce to ashe injin ne sirrin. Ta ce a'a, wani babban gwaji da aka fitar a 2006 ya nuna masu koyo a ƙasa da masu koyo a kan injin kusan sakamako ɗaya suka samu. Sirrin yawan takun ne, da yin sa daidai. Sai na fara ƙirga takuna a ɗan littafi kamar mai bin bashi.

Daga ƙarafa biyu na koma abin dogarawa mai ƙafa huɗu, daga shi zuwa sanduna biyu masu riƙe damtse. Ƙafar dama ta ƙi ɗaga kanta, yatsu suna jan ƙasa, aka yi mini wani takalmin roba da ke tallafe idon sawu daga ƙasan gwiwa har tafin ƙafa. Ranar da aka fara auna ni a mita 10, daƙiƙa 41 na ɗauka, na iso jiƙe da gumi kamar wanda ya yi dako. Aka rubuta D, wato motsin ya yi ƙarfi, aka sallame ni, ina zuwa gashi daga gida. 'Yan uwa suka yi ta zuwa barka. Ni ma na ɗauka saura ƙarfi kawai, in tsoka ta cika shi ke nan.

Sai ga faɗuwar banɗaki.

Washegari na ba Malama labari ina jiran ta ce wani abu ya sake lalacewa a bayan. Ko gezau ba ta yi ba. Ta tsayar da ni a kusurwar ɗaki, ta sa kujera a gabana, ta ce in haɗa ƙafafu. Na tsaya cak. Ta ce, "To rufe ido." Ban kai daƙiƙa uku ba na ji hannunta a ƙirjina, ashe na tafi gaba ban sani ba. Ta zaunar da ni, ta kama babban yatsan ƙafata ta dama, ta ce kada in kalla, in gaya mata sama ta yi da shi ko ƙasa. Na yi ta caɓa. Rabi daidai, rabi kuskure, irin na mai kintace.

Ta ce tsayuwar mutum a kan abu uku take: ido, da wasu 'yan bututu masu ruwa a can cikin kunne da ke auna juyawar kai, da kuma labarin da gaɓoɓi da tsokoki da tafin ƙafa suke aika wa ƙwaƙwalwa kowane lokaci cewa ga inda muke. Wannan na ukun ta bayan laka wayoyinsa suke hawa, nawa kuma sun ji jiki sosai. Wato ƙafata tana da ƙarfin ɗaukata, amma ba ta gaya mini inda take. Duk watannin nan da ido nake tafiya, ina kallon ƙasa, ina kallon madubi, sanduna kuma suna kawo mini labarin ƙasa ta hannu. Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Ni a wurina ji ne ya tafi, gani ya riƙe masa aiki. Ranar da na ajiye sanda na kuma rufe ido, na kashe layi biyu a lokaci ɗaya, na bar kunne shi kaɗai da kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ta ɗauko wata takarda mai ayyuka 14, ma'aunin Berg, wanda wata likitar gashi 'yar Kanada, Katherine Berg, ta tsara a 1989. Kowane aiki maki 0 zuwa 4, jimla 56. Ayyukan in ka ji su sai ka yi dariya: tashi daga kujera ba dafawa, tsayuwa minti biyu, miƙa hannu gaba, waiwaye ta kan kafaɗa, juyawa zagaye ɗaya, ɗaukar takalmi daga ƙasa, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Na ci 31. Ta ce wanda yake ƙasa da 45 ana sa masa ido don yana cikin haɗarin faɗuwa. Mutumin da aka gama yi wa barka ke nan.

Shekarar da ta biyo baya a kan tsayuwa ta ƙare, kuma ta fi ta koyon tafiya wahala, don babu abin nunawa. Wa zai zo ya taya ka murna don ka tsaya a kusurwar ɗaki daƙiƙa takwas ido rufe? Na tsaya a kan siminti, na tsaya a kan soso mai laushi, na tsaya ƙafa ɗaya gaban ɗaya kamar mai bin igiya. Na yi tafiya ina juya kai hagu da dama, na yi da baya, na yi a gicciye, na yi a kan yashi da tsakuwa da ciyawa. Ta sa ni tafiya ina ƙirga daga 100 zuwa ƙasa ina cire bakwai-bakwai, don ta lura duk lokacin da aka yi mini magana ina tafiya sai in tsaya cak kafin in amsa. Ƙwaƙwalwata gaba ɗaya tana kan ƙafa, babu sauran wurin hira. Wani lokaci sai ta zagayo ta bayana ta ɗan ture ni ba sanarwa, don ƙafa ta koyi fitowa da sauri ta tare. Ranar farko da ta yi haka na juyo na ce, "Haba Malama, ke da za ki riƙe ni?" Ta ce, "A titi wa zai nemi izininka kafin ya buge ka da kafaɗa?"

Darasin da ya fi yi mini amfani kuwa shi ne na faɗuwa. Ta shimfiɗa katifa ta ce in faɗi da gangan: in watsar da sanda gefe, in lanƙwasa gwiwa, in kare kai, sannan in mirgina, in yi rarrafe zuwa kujera, in kafa ƙafar hagu mai ƙarfin, in tashi. Mun yi ya fi sau hamsin. Tun bayan banɗaki tsoro ya shige ni, shi kuma tsoro yana sanƙarar da jiki, sanƙararren jiki kuma ya fi saurin kifewa. Da na san ko na faɗi zan iya tashi ba sai na kira maiɗakina ba, sai kafaɗuna suka sauka, tafiyar ma ta gyaru.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Akwai makon da ƙafafuna suka sanƙare har takalmin roba ya ƙi shiga, diddige yana ta karkarwa a ƙasa kamar keken ɗinki, na ce shi ke nan na koma baya. Malama ba ta ce a ƙara mini baklofen ɗin da nake sha don sanƙarewar ba, cewa ta yi a gwada fitsari. Ciwon mafitsara ne. Aka yi magani, ƙafafu suka saki. Tun daga nan na san in sanƙarewa ta tashi haka kawai, jiki ne yake kai ƙarar wani abu: mafitsara, ko rashin bayan gida, ko wani rauni a ƙafa da ban ji ba. Shi ya sa kowane dare nake duba tafin ƙafata da ƙaramin madubi. Akwai kuma raɗaɗin nan na jijiya, kamar an zuba garwashi a ƙafar da in ka tsunkule ta da kyar take ji. Shi da dare yake zuwa, kuma a irin waɗannan dararen ne nake shiga intanet. A can na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 15 ne suke rayuwa da raunin laka. A can na ga aikin Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch a birnin Lozan na Suwizalan, waɗanda a 2023 suka bayyana cewa sun dasa wa wani ɗan ƙasar Holan na'ura a kai da wata a kan laka, tunaninsa yana tsallake wurin raunin ya isa ƙafa. A matsayina na mai aikin waya abin ya burge ni ƙwarai, jamfa ce suka yi, wato wayar da ke tsallake inda layi ya yanke. Amma har yanzu a matakin bincike yake. A can kuma na ci karo da masu tallar allurar da wai take haɗa laka cikin wata uku, saura kaɗan in sayar da kayan aikina in bi su. Maiɗakina ce ta ce, "Baban yara, kai da ka ce likitanka ya ce ba mai hannun haɗa wayar nan, su waɗannan a ina suka samo nasu hannun?"

An gaya mini tun farko cewa yawancin abin da zai dawo a wata shida na farko yake dawowa, daga nan ya riƙa raguwa zuwa shekara ɗaya ko biyu. A ƙarfin tsoka haka na gani, ƙafar dama ta tsaya inda ta tsaya, har yau sai da takalmin roba. Iya amfani da abin da ya dawo kuwa bai daina ƙaruwa ba. Shekara huɗu ke nan. Sanda ɗaya nake riƙewa a waje, a cikin gida babu. Mita 10 yanzu daƙiƙa 12 ne, wanda ya isa yawon yau da kullum amma bai isa tsallaka babban titi cikin natsuwa ba, don haka nakan jira in bi ayarin mutane. Akwai ƙaramar fitila da take kwana a kunne tsakanin gadona da banɗaki, akwai ƙarfen dafawa a bango, fuska kuma a zaune nake wanke ta. In wuri ya yi duhu ko cunkoso ya yi yawa, ba na jin kunyar cewa wani ya ba ni kafaɗa.

Aiki na koma, amma a kan tebur, ina gyaran injinan wuta da na'urori, yarana na aiki suna hawa sama ina gaya musu abin da za su yi daga ƙasa. Tsanin yana nan, an sa wa ƙafafunsa roba, kuma ba mai hawansa sai wani ya riƙe.

Gwajin Berg na ƙarshe da aka yi mini na ci 47. Rufe ido na daƙiƙa goma na cinye shi, takalmi ma na ɗauko daga ƙasa ban dafa komai ba. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ce har yanzu take kayar da ni. Ana son ta wuce daƙiƙa goma, ni a hagu ina yin huɗu, a dama ko ɗagawa ban gama yi ba nake neman bango. Malama ta rubuta a littafina in riƙa yi sau biyar safe da yamma a kusurwar ɗaki, kujera a gaba, in dawo bayan wata uku.